Tarko Ba Shi da Ido

Babu yaron da aka taɓa zaunarwa a Atantane aka ce mashi yau za a koya maka ɗana tarko. Duk da haka, ka tara samari masu shekara 13 zuwa 16, daga nan har Kanambakashe, ka miƙa masu guntuwar waya ko gashin wutsiyar doki, mafi yawansu za su ƙulla maka azargiya kafin ka gama gyara zama. Sun koya a bayan gari, wajen kiwo, a hannun wanda ya girme su da shekara biyu, shi ma kuma haka ya koya. Don haka in wani ya tashi yana tambaya ko ya dace a koya wa matasa tarko, ni ina ganin ya makara. Sun riga sun iya. Abin da ya rage a tambaya shi ne wane ɓangare na sanin ya iso gare su, wane ne ya zube a hanya, kuma wa ke da alhakin tsinto masu shi.

Abin da ya jawo maganar shi ne labarin yadda ake yi a Amurka da Kanada. A can hukumomin da ke kula da namun daji suna buɗe aji musamman don koya wa matasa tarko, kuma a jihohi da yawa ba a ba sabon shiga takardar izini sai ya zauna ajin ya ci jarrabawa. Suna koya masu irin tarkon da aka yarda da shi, da watannin da aka buɗe, da dabbar da ba a taɓawa, har suna cewa wanga aiki yana cikin kiyaye namun daji. Da na kawo zancen cikin abokaina sai suka rabu biyu. Wasu suka yi dariya: «Kai, Turawa ba su da aikin yi, abin da yaro ke koyo a bayan awaki shi ne sai an shiga aji?» Wasu kuma, musamman waɗanda suka yi nisa a boko, suka ɓata fuska suka ce wannan koya wa yara kisa ne aka lulluɓe da kalma mai daɗi, dajin da ya riga ya ƙare mi za a kiyaye da tarko? Ban bi ko ɗaya daga cikinsu ba, kuma dalilina nake so in shimfiɗa a nan.

Bari mu fara da tarkon kansa, don ya bambanta da duk sauran kayan farauta. Mai baka yana tsaye lokacin da ya saki kibiya. Ya ga dabbar, ya san ko mace ce ko namiji, ko tana da ciki, ko ɗa na biye da ita. Yana iya jan baka ya fasa. Mai kare ma yana wurin, yana iya tsawata wa karensa. Shi kuwa mai tarko, a lokacin da aikinsa ke faruwa ba ya nan. Ya ɗana da marece ya koma gida ya ci tuwo ya kwanta. Da tsakar dare hannunsa ya kama wuyan wani abu a can gindin sabara, shi yana barci. Bai ga idon abin ba, bai ji kukansa ba, bai zaɓe shi ba. Zomo ya nufa, amma waya ba ta san zomo ba: bushiya ce ta zo, ko yanyawa, ko ɗan akuyar maƙwabci, duk ɗaya ne gare ta. Wannan shi ya sa nake ganin tarko ya fi baka da bindiga nauyi a wajen hisabi, ko da yake ya fi su kama da wasan yara. Mutum ya raba kansa da aikinsa, ya bar aikin yana tafiya shi kaɗai cikin duhu.

To wa ke da laifin abin da aka yi ba ya nan? Malamanmu na zaure sun daɗe da amsa wannan. A fiƙihun Malikiyya wanda ya haƙa rami a kan hanyar mutane ba bisa haƙƙi ba, wani abu ya faɗa ya halaka, shi zai biya, ko da yana wani gari lokacin da abin ya faɗa. Rashin kasancewarka a wurin ba ya wanke ka, tunda kai ka shirya musabbabin. Akwai kuma hukuncin da ya fi wannan kusa da maganarmu. Aya ta 3 ta Suratul Ma'ida ta lissafa abin da aka shaƙe cikin abubuwan da aka haramta ci, sai fa in an riske shi da rai an yanka. Ma'ana, duk abin da azargiya ta kashe kafin ka iso mushe ne. Ka duba abin da wanga hukunci ke yi wa mai tarko. Yana tilasta mashi ya yi sammako, da wuƙa a hannu, ya iso wa dabbar tun tana da rai, ya gajarta mata wahala. Yana hana shi ɗana tarko talatin a wurare talatin da ba zai iya zagayawa da safe ɗaya ba. Yana hana shi ɗanawa ya tafi cin kasuwar Mayahi ya kwana biyu. Abin mamaki, babbar dokar da ake nanata wa matasan can Amurka ke nan: a jihohi da dama wajibi ne ka leƙa tarkonka kowace rana. Su sun kai ga haka ta hanyar gardamar majalisa da ƙorafin masu tausayin dabbobi. Mu muna da ita a cikin littafin da ake karantawa a kowane zaure, amma ban taɓa jin an haɗa wa yaro wannan karatu da wayar da ke cikin aljihunsa ba.

Akwai wani tsohon mahalbi a dangin mahaifiyata, ya daina shiga daji tun ina ƙarami saboda gwiwa. Na taɓa tambayarsa ko shi ma yana ɗana tarko da damana. Ya dube ni kamar na zage shi. «Da damana? Ɗana, wa ka halbin uwa da goyo? In ka kashe zabuwa bisa ƙwai, ba guda ka kashe ba, garke ka kashe. Mu da munka gaji abin ga, ruwa na sauka mu rataye kwari.» Ya ce a zamaninsu farauta gado ce, gida-gida, kamar ƙira da jima. Akwai sarkin baka, kuma ba ka shiga daji sai an buɗe shi. Wannan buɗin daji ba tatsuniya ba ce, har yanzu ana yin bikinsa a Masalata kusa da Birnin Ƙonni. Akwai dabbobin da kowane gida ba ya taɓawa, akwai kurmin da ba a shiga, akwai shamuwa da ba wanda ke jifa ko da ta yi sheƙa a tsakar gidansa. In ka cire sunayen ka duba ƙashin abin, ai lokacin buɗewa da rufewa ne, da jerin dabbobin da aka kare, da wurin da aka keɓe. Duk abin da ma'aikatar gandun daji ke rubutawa da Faransanci, waɗannan mutane sun riƙe shi da ka.

Sai dai kada mu yi wa kanmu daɗin baki. Abin da ya tsare waɗannan ƙa'idodi tsoro ne, tsoron iskokin daji da abin da za su yi wa wanda ya ƙetare iyaka. Da karatun addini ya yaɗu, boko kuma ya shigo, mutane suka bar wannan tsoro, kuma ni ba na cikin masu kukan a dawo da shi. Amma mun yi kamar matar da ta zubar da ruwan wanki ba ta duba ba akwai zobe a ciki. Tsoron ya tafi, ƙa'idar ta bi shi, dabarar ƙulla azargiya kaɗai ta rage, don ita ba ta bukatar imani da komi, yatsu kawai take so. Abin da yaron yau ya gada ke nan: rabin sana'a, kuma rabin da ke kisa.

Kayan aikin ma sun sake. Wannan ƙaramin abu ne da ba a cika lura da shi ba, amma ni ina ganin ya fi dogon jawabi muhimmanci. Tarkon da, da igiyar kaba ake yin shi, ko gashin doki in na tsuntsu ne. Gulbin Kaba ga shi nan ya ratsa ƙasar Mayahi, kaba ba ta wuya. Igiyar kaba in ka manta da ita, gara ta ci, rana ta busar, ruwan farko ya ruɓar da ita. Tarkon yana mutuwa da kansa. Na yau da wayar birkin moto ake yi, ko wadda aka zare daga tsohuwar taya da aka ƙona. Waya ba ta ruɓa. Yaro ya ɗana a bana, ya tafi Agadas ko Kano cin rani, ya manta ma a ina ya ɗana, ita kuwa tana nan bakinta buɗe. Ta kama, abin ya mutu ya ruɓe a ciki, babu wanda ya ci, babu wanda ya sani. A manyan gandayen Afirka ta Gabas da ta Tsakiya irin wannan waya tana cikin manyan abokan gaban masu gadi, kullum cikin kwance ta suke. In da za a ce in zaɓi abu ɗaya tak da za a koya wa samarin Atantane, zan ce a koya masu ƙirga tarkon da suka ɗana da kwashe shi duka ranar da suka gama.

Yanzu ga maganar abokaina ƴan boko, cewa daji ya ƙare. Gaskiya ne ya ƙare, amma a yi adalci wajen faɗin wanda ya ƙarar da shi. Lokacin da Nijar ta samu mulkin kai a 1960 mutanen ƙasar duka ba su wuce miliyan uku da ƴan kai ba. A ƙidayar 2012 jihar Maraɗi kaɗai ta kai miliyan 3.4. Duk waɗannan bakuna hatsi suke ci, hatsi kuma gona yake so. Dajin da ke tsakanin gari da gari ya zama gona, saura ta ɓace, har burtali sai da aka yi ta rigima kansa. Ga farin 1973 da na 1984 da suka kashe itatuwa da ciyawa. Ga guba da aka daɗe ana zubawa don kura da dila, ta haɗa da ungulu da duk mai cin mushe. Can arewa kuma barewa da jimina bindiga da mota suka gama da su, masu bin dabba a guje har ta faɗi. Ƙungiyar ƙwallonmu ta ƙasa sunanta Mena, yara na sanye da rigarta a kowane gari, amma menar kanta, wadda aka ɗauko sunan daga gare ta, waɗanda suka rage a daji duk duniya ba su wuce ƴan ɗaruruwa ba. Ba yaro da igiyar kaba ya yi wannan ba. Gatari da hauya da injin mota sun fi shi hannu nesa ba kusa ba.

Amma fa wannan ba ya wanke waya a yau. Lokacin da daji ke da faɗi, abin da tarko ke ɗauka kamar ɗiban ruwa ne a gulbi da ludayi. Yanzu da abin da ya rage ya taru a ƴan wurare, bakin gulbi, layin gamba a iyakar gona, ƴar makiyayar da ta tsira, tarko goma a hanyar ruwa ɗaya suna iya share zabin wani yanki a damana guda. Wanda bai kashe majinyaci ba yana iya zama wanda ya ƙarasa shi.

To mi za a yi, a hana? Muna da doka. Dokar farauta da kare namun daji ta 29 ga Afrilu 1998 ta jera dabbobin da ba a taɓawa sam, irin su raƙumin dawa da mena da jimina, ta kuma ɗora farauta a kan takardar izini da lokacin da hukuma ta buɗe. Doka ce mai kyau a takarda. Amma ma'aikacin gandun daji nawa ne za su tsare kowane gindin kalgo daga Tasawa zuwa Dakwaro? Hani ba tare da koyarwa ba abin da yake haifarwa shi ne ɓoyo. Yaron da ke ɗana tarko a ɓoye ba zai je da sassafe kowa na ganinsa ba, zai jira sai ido ya ɗauke, dabbar kuwa tana can tana shure-shure. Ba zai tambayi babba ko wanga tsuntsu ana cinsa ba. Hanin ya ƙara wa dabbar wahala, bai rage yawan wayar ba.

Mu mutanen jihar Maraɗi bai kamata a yi mana dogon bayani a kan wannan ba, don mun gani da idonmu a kan icce. Shekara da shekaru icce na hukuma ne, ka sare a ci ka tara, sakamakon haka manomi ya ɗauki kowane tsiro a gonarsa abokin gaba, yana tumɓuke shi tun yana ƙarami kada ya girma ya jawo mashi magana. Daga 1983 aka fara abin da muke kira sassabin zamani, wanda wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya yi ta yaɗawa a nan yankin tare da manoma. Ba a ƙwace gatarin kowa ba. An nuna wa mai gatarin ne yadda zai dubi kututture ya zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi ya bari, ya sassabe sauran. Yau ana maganar kadada wajen miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 da suka dawo a kudancin ƙasar nan. Hannun da ke sara shi ne ya dawo da gawo, da aka koya mashi abin da zai bari, aka kuma tabbatar mashi abin da ya bari nashi ne.

Wannan misali yana burge ni, amma yana ɗingishi a ƙafa ɗaya, kuma gara in faɗa da kaina kafin wani ya faɗa mani. Gawo ba ya tafiya. Wanda ka bari a gonarka, baɗi yana nan, kai za ka ci inuwarsa, awakinka su ci ƴaƴansa. Zomon da ka ƙyale yau, gobe yana gonar maƙwabcinka, cikin wayar ɗansa. To don mi zan bari? Wannan ita ce tambayar da kowane yaro mai wayo zai yi wa malaminsa, kuma ba a amsa ta da wa'azi. Amsarta ɗaya ce, sai gari duka ya yarda tare. A Ɗan Saga, cikin ƙasar Agye, abin da ya tsare itatuwan shi ne kwamitin gari da ke sa ido, maza da mata har da makiyaya, suna da ƙa'idar da kowa ya sani da hukuncin wanda ya karya. In ana son koyar da tarko ta yi amfani, sai a koyar da samarin gari ɗaya tare, su san junansu, su san watan da suka rufe, ya zama wanda ya ɗana da damana abokansa ne za su fara yi mashi dariya. Abin da sarkin baka ke yi a da ke nan, ba tare da iskoki ba.

Game da cewa tarko kansa kiyaye daji ne, a nan nake rabuwa da Amurkawan, ko in ce nake karɓar rabin maganarsu. Su suna da dalilinsu. Akwai wata dabbar ruwa da suke kira biba, mai kama da ƙatuwar gafiya, da ke datse rafi da itatuwa. Masu neman fatarta sun kusa ƙarar da ita, daga baya aka dawo da ita ta hanyar kama ta da rai da tarko ana kai ta inda ta ɓace. A 1948 a jihar Aidaho har da laima aka riƙa sako su daga jirgin sama cikin akwati, guda 76. Yanzu ta yi yawan da a wasu wurare sai an rage. Kuɗin takardun izini da harajin da suka ɗora wa bindiga da harsashi tun 1937 su ke biyan masu ƙirga dabbobin. Wato su suna ƙirgawa, su san abin da ya ƙaru, su ɗebi daga ƙarin. Mu wa ya taɓa ƙirga zomayen Gulbin Kaba? Wanda bai san abin da ke cikin rumbunsa ba ba ya cewa yana ɗiban rara. Saboda haka kada wani ya ɗauko wannan magana ɗungurungum ya ce wa yaranmu kowane tarko taimakon daji ne. Ƙarya ce a nan, ko da gaskiya ce a can.

Inda na ga tarko yana taimakon daji a wajenmu da gaske shi ne inda ya tsaya a madadin guba. Kowa ya san ɓarnar kurege a gonar gyaɗa, da yadda ɓerayen daji ke bin layin shuka suna tone iri, balle in an yi binne ruwa ya yi jinkiri. Kowa ya san abin da ɓera ke yi wa rumbu. Abin da manomi ke yi yanzu shi ne ya sayo maganin ƙwari a kasuwa, wanda ko sunansa ba a iya karantawa, ya cuɗa da hatsi ya watsa. Kurege ya ci, zabuwa ta ci, kurciya ta ci, kajin gida su ci. Mujiya ta ɗauki ɓeran da ya ci ta mutu, ita da ke cin ɓeraye kowane dare kyauta. Baɗi ɓera ya fi na bana yawa, don an kashe mai cinsa. In tarko makaho ne, guba makauniya ce kuma mahaukaciya. Saurayin da ya iya ɗana tarko a bakin ramin kurege daidai, ya leƙa da safe, ya saki bushiyar da ta faɗa bisa kuskure, ya ceci abin da ya fi abin da ya kashe yawa. A Niyu Zilan, inda ɓeraye da wasu dabbobin da aka shigo da su ke cinye ƙwan tsuntsayen ƙasar, gwamnati ta ɗaura aniya a 2016 ta kawar da su kafin 2050, kuma ƴan makaranta na cikin masu ɗana tarkon. A can ma kisa ne, amma an san wa ake kashewa da wanda ake so ya rayu.

Akwai kuma wani abu da mai tarko ke da shi wanda ba a samu a aji. Kafin ka kama zomo sai ka zama rabin zomo. Sai ka san sawunsa daga na kurege, ka san kashinsa sabo ne ko na shekaranjiya, ka san ta inda yake kutsawa cikin shinge da abin da yake ci a wane wata. Yaron da ya iya wannan shi ne kaɗai mai ƙidayar dajinmu, ko da bai sani ba. Shi zai fara gaya maka bana babu fakara a fadamar yamma. Masu binciken namun daji a Tarmit suna ɗaure na'urar ɗaukar hoto da ke tashi da kanta in dabba ta gitta, har sunanta ma tarkon hoto, kuma ba ta da amfani sai an samu wanda ya san inda dabbar ke bi. Raƙuman dawan Kure, da suka ragu har 49 a 1996 suka kuma haura 600 daga baya, da aka so mayar da wasu gandun Gadabeji a nan jiharmu a 2018, kama su aka yi da rai, da allurar barci da igiya, guda takwas, aka yi tafiyar sama da kilomita 800 da su a mota. Wannan ma farauta ce, da duk dabarunta, sai dai ƙarshenta saki. Ina ganin ɓarna ce babba a ce muna da dubban samari masu wanga ido, mu kuwa abin da muke ce masu kawai shi ne su ji kunyarsa.

Saura damuwar da ta fi taɓa ni, wadda wata ƴar ajinmu ta kawo, cewa saba wa yaro da kisa yana busar mashi da zuciya. Ban raina wannan magana ba. Amma na duba garinmu, inda kowane yaro ya riƙe ƙafar rago ranar layya, ban ga yanka ya mai da kowa azzalumi ba. Abin da na ga yana busar da zuciya shi ne wasa da rai: a ɗaure wa tsuntsu zare a ƙafa ana jan shi har ya mutu, a mai da bushiya ƙwallo, a fasa sheƙa don a ga abin da ke ciki. Wannan kuwa yaran da ba wanda ya koya masu komi su ke yin shi. Malikawa sun ce farauta don wasa makaruhi ce, don bukata kuwa halal. Ya zo a hadisi cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ga tsuntsuwa tana shawagi cikin damuwa don an ɗauke mata ƴaƴa, ya sa aka mayar mata da su. Yaron da aka sa ya durƙusa gaban abin da tarkonsa ya kama, ya ga yadda waya ta yanke fata, ya ambaci sunan Allah ya yanka da hannunsa, ya fi wanda aka ɓoye wa komi sanin nauyin rai. Shi ma mai cin naman kasuwa wani ne ya yi kisan ba ya nan, bambancin kawai bai taɓa ganin wurin ba.

Wa zai koyar? Malamin lakwal ya san sunan dabba da Faransanci, bai san sawunta ba. Tsohon mahalbi ya san sawu, bai san dokar 1998 ba. Ma'aikacin gandun daji ya san dokar, amma da an hango kakinsa kowa ke ɓoye gatari. Liman ya san hukuncin mushe, ba a taɓa tambayarsa a kan waya ba. Kowane ɗaya yana riƙe da guntu. Ba na ganin ana bukatar wani shiri mai mota da allo a bakin hanya. Ranar Laraba da marece, ko cikin hutun rani, a fita bayan gari da su huɗun da samari ashirin, a bi sawu, a kwance duk tsohuwar wayar da aka tarar a ƙirga ta, a rubuta a littafi abin da aka gani da inda aka gan shi. Mahalban da suka san abin nan tsofaffi ne, kowace shekara ana rasa wasu.

Na san inda duk wannan zai gamu da gwaji mai tsanani. Watan Agusta ne, rumbu ya yi ƙasa, hatsi bai nuna ba, tiya ta yi tsada a kasuwa, rabon gidan da nama tun layya. Yaro ya tarar da zabuwar daji kwance bisa ƙwai goma sha biyar a cikin gamba. Banza ba ta kai zomo kasuwa, kuma ba na jin akwai wanda ya ƙoshi da ke da bakin ce wa wanga yaro ya wuce ya bar ta. Ni dai ba zan iya ba. Abin da zan iya gaya mashi shi ne abin da kakanninmu mata ke yi tun da: a bar uwar, a ɗebi wasu daga cikin ƙwan a bar mata saura, a kai gida a sa wa kaza mai kwanci. Cikin kwana 28 ta ƙyanƙyashe su, ta yi ta yawo da su a tsakar gida tana tsammanin nata ne. Kafin rani ya tsaya yana da zabin da zai kai kasuwa, uwar kuma tana can cikin gamba da nata.